Ƙyashin Fadama da Ƙafar Baba

Daminar farko bayan na gama jami'a, a farkon shekarun saba'in, aka tura ni Gaya malamin gona. Aikina shi ne in zaga ƙauyuka daga Gaya zuwa Ajingi, in duba gonakin gyaɗa, in rubuto abin da na gani. Aka ba ni keke, da tanti sabo fil, da gidan sauro guda, aka haɗa ni da wani dattijo masinjan ofis wanda ya san hanya. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam, ko da yake a haife ya haife ni.

Da keke yake ciyar da iyalinsa. Masinjan da ba ya iya taka feda ba shi da wurin zama a ofis, kowa ya san haka. A ƙaurinsa na hagu akwai tabon wani tsohon gyambo, fatar wurin tana sheƙi, ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Tun ranar farko na gani, da ya naɗe wando zai hau keke. Na faɗi wannan ne don kada wata rana in ce ban sani ba.

A rana ta uku ruwa ya ɓata hanya. Muka yini muna tura kekuna cikin taɓo, la'asar sakaliya ta same mu a bakin wata fadama kafin Gafasa. Na zaɓi gindin wasu itatuwa a kwari, ga ruwa kusa, ba iska. Can kan tudu akwai ruga, hayaƙi na tashi a tsakiyar garke.

"Malam, da mun hau tudu," in ji Baba. "Nan gidan ƙyashi ne."

"Iska za ta ɗauke mana tanti, Baba."

"To bari in roƙo busasshen kashin shanu a ruga, in ɗora masa ɗanyen ganyen darbejiya. Hayaƙi kaɗai suke tsoro."

Sai na tuna mai kula da sito, da yadda ya kaɗa mini yatsa ya ce ko ƙunar taba aka samu a tantin nan zan yi bayani a rubuce. Ban taɓa karɓar takardar tuhuma ba, kuma tsoronta nake yi fiye da kima.

"Kada a kunna wuta kusa da shi," na ce. "Kayan gwamnati ne."

Ya dube ni, ya dubi tantin, ya yi 'yar dariya. "To, Allah ya ja zamanin tanti."

Bai ƙara ba. Irin su Baba sau ɗaya suke ba na gaba da su shawara; maimaitawa rashin ladabi ne a wurinsu. Ni kuwa a makaranta na saba in mutum yana da gaskiya sai ya yi ta gardama. Da ya yi shiru, na ɗauka ya gamsu.

Da rana ta faɗi suka taso. Ƙyashi ba kamar sauro ba ne, ba ya kuka, da ƙyar ma ake ganinsa. Sai dai ka ji kamar an watsa maka garin barkono a wuya, da bayan kunne, da fatar ido. Sallar magariba ban san abin da na karanta ba. Na shige gidan sauro, ashe hudojinsa ƙofofi ne a gare su. Na sa safa biyu, na cusa ƙafar wando a ciki, na naɗe kai da tawul, ina ta zufa. Baba ba shi da safa. Takalmin taya ne a ƙafarsa, da wani mayafi da bai kai gwiwa ba. Ina jin na ce masa ya shigo tantin. Ko kuwa niyya kawai na yi, ba zan iya rantsewa ba.

Da asuba suka dawo fiye da na jiya. Da gari ya waye na ga ƙafafunsa sun yi ruɗu-ruɗu, tabon nan kuwa ya sosa shi cikin barci har ya ɓare, jini ya bushe a farcensa.

"Ba komai, Malam. Mu kama hanya."

Muka kama. Ina da jadawalin da aka ba ni, ban so a ce na makara. Daga ranar a zaurukan masu gari muka riƙa kwana, tantin na ɗaure a kariyar keke, amma kwana shida Baba ya yi yana taka feda yana ratsa ruwan fadama da ƙafar. Kafin mu isa Ajingi ta kumbura ta fara wari. Malamin asibiti ya wanke, ya shafa magani, ya yi mini wani irin kallo. Ranar kasuwa muka ɗora shi a mota da kekensa zuwa Gaya.

Ba a yanke ƙafar ba, amma ba ta rufe ba, jijiyar kuma ta ƙanƙance. Kafin a fara roron gyaɗa an ɗauki wani masinja. Wani likita ya gaya mini daga baya cewa irin wannan gyambon yakan tashi da kansa ko ba a taɓa shi ba. Mai yiwuwa haka ne. A rahotona dai na rubuta "rashin lafiya", ban ƙara komai ba.

Da na mayar da tantin, mai sito ya shimfiɗa shi a rana, ya juya ciki da baya, bai sami ko tabo ba. Ya yaba mini a gaban mutane.

Na je gaishe da Baba a zaurensa. Ƙafar na naɗe da tsumma, yana korar ƙuda da mafici. Na shirya maganar da zan yi tun a hanya, amma ya riga ni.

"Malam, tanti ya koma lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"To madalla."

Ya sa aka kawo mini ruwa, na sha, na tashi. Maganar da na shirya ban yi ta ba.