Kwanon Iya

Ina cikin shekarata ta uku da fara aiki a wani gidan baje kolin zane-zane a can tsibirin Legas, wanda mu ma'aikata muke kira galari, aka yi baje kolin kwanuka. Aikina ba wani babba ba ne. Ni ce mai auna bango, in buga ƙusa, in rataye zane, in manna 'yar takardar bayani a gefensa. In an sayi aiki kuma ni ke liƙa masa ɗan jan ɗigo, kowa ya san ya yi mai shi. Kullum daga Agege nake hawa danfo, bas ɗin hayar Legas, zuwa Oshodi, in sake mota, in isa jiƙe da gumi, in shiga ɗakin da sanyinsa ke kaɗa haƙora.

In na dawo gida, Inna, mahaifiyata, ba ta bari in cire takalmi sai ta sha labari. Ta san wanda ya sayar da zanensa kaf ranar buɗewa, ta san wadda ta tattara ta koma Turai, ta san wasu biyu da suka daina gaisawa don an rataye aikin ɗaya kusa da ƙofar banɗaki. Ba ta taɓa ganin ko mutum ɗaya a cikinsu ba, amma tana da nata na hannun dama, tana da waɗanda take jin haushi. Ranar da na ba ta labarin wani zane da babu komai a jikinsa sai baƙin fenti, kuma har an saya, ta ce ashe mai fentin gidanmu a kan arziki yake zaune bai sani ba.

Mai baje kolin kwanukan wata matashiya ce da ta tashi a unguwar Sabo da ke Yaba, nan Legas, Hausarta rabi da rabi. Aron tsofaffin kwanukan abinci take nema daga matan unguwanni, irin na tasa masu fure da murfi, waɗanda ake aika wa maƙwabta abinci a ciki. Tana so ta cika bango guda da su, kowanne da 'yar takardar labarinsa, in an gama ta mayar wa masu su. Na ba Inna labarin ne don ta yi dariya, sai na ga ba ta yi ba. Ta tambaye ni mutum nawa ke zuwa kallo. Na ce da yawa, daga ko'ina cikin gari. Ta tashi ta durƙusa gaban gado, ta jawo wani ƙunshin tsohon zane, ni kuwa tun kafin ta kwance na san abin da ke ciki.

Kwanon Iya ne. Iya wata Bayarabiya ce da ɗakinta yake kallon namu a gidan hayar da na tashi, mai sayar da alale a bakin titi. Ita da Inna sun fi shekara ashirin suna zaune lafiya, da Yarabancin kasuwa irin na Inna da gurguwar Hausar Iya. Akwai wani ɗan kwano ruwan ƙwai mai jan fure da ke kai da kawo a tsakaninsu. Iya ta aiko shi da alale, Inna ta wanke ta mayar da shi da funkaso ko dambu, domin a wurinsu duka biyu abin kunya ne ka mayar wa mutum kwanonsa wayam. A gindinsa akwai ɗigo uku na jan farce da ɗan layi a ƙarƙashinsu, shaidar da Iya ke yi wa duk kayanta don kada su ɓata a taron biki.

Zuwan kwanon na ƙarshe ya faɗo daidai da rasuwar kakana a Kano. Muka tafi a gurguje, Inna ta ce in mun dawo ta mayar. Muka yi kusan wata biyu. Kafin mu dawo ciwo ya kwantar da Iya, danginta suka kai ta ƙauyensu ta wajen Abekuta, a can ta cika, aka zo aka kwashe ɗakin a yini ɗaya. 'Yarta guda ce, ta daɗe da yin aure a wata unguwa mai nisa, lambar wayarta da muke da ita kuma ta daina shiga. Tun daga nan kwanon ya zauna a ƙarƙashin gadon Inna, shekara goma sha wani abu. Ba ta cin abinci a ciki, ba ta bari a taɓa. Duk sanda ciwon ƙafarta ya motsa sai ta ce tsoronta ta mutu da amanar mutane a ɗaki.

Ta miƙo mini shi ta ce in kai, wataƙila Allah ya kawo wanda ya san shi. Na karɓa ne don kada in ɓata mata rai, amma a zuciyata na ce ina 'yar mai alale za ta shigo galari. Da safe na ɗauki ƙunshin na ji shi da nauyi da ɗumi. Na buɗe, funkaso ne fal. Na ce, Inna, bango fa za a rataye shi. Ta ce ita dai kwano ba ya fita daga hannunta babu komai. Haka na rungume shi a danfo, man gyaɗa yana naso a rigata, ina ta cika ina batsewa har tsibiri. Mai gadinmu na galari, wani dattijo mutumin Sakkwato, shi ya cinye fiye da rabi yana sa wa Inna albarka.

Kwana ɗaya kafin buɗewa Inna ta ce sai ta je ta gani da idonta. Ban so ba, saboda ƙafarta da kuma bakinta, amma wa ya isa ya hana ta. Ta shigo da sabon mayafi tana ɗingishi, ta gai da kowa har da mai share-share, ta tsaya gaban bangon. Kwanuka sun fi ɗari, duk na rataye su bakinsu yana kallon mutane, fitila tana haska furanninsu. Ta nemo na Iya da ido, ta kalle ni kamar na zubar da miya.

"Ke, wa zai gane kwanonsa ta ciki? Kifa shi."

Na yi mata bayani a hankali cewa tsari ne, duk haka aka jera su, ba ni ke yanke hukunci ba. Ogarmu mai galarin ta leƙo ta ji abin da ake ciki, ta ce da wasa in aka ga jan ɗigo har uku ai sai a ɗauka an sayar da shi sau uku. Inna ba ta ga abin dariya ba. Ta ce irin wannan furen akwai shi a gida dubu a Legas, shaidar nan kuwa ta mutum ɗaya ce a duniya, in ba za a nuna ta ba a ba ta kayanta ta koma. Kunya ta kama ni har na fara yi wa Inna magana da kaushi, abin da har yau in na tuna nake jin ba daɗi. Mai baje kolin ce ta raba mu. Ta saurari labarin tun daga farko, ta hau tsani da kanta, ta juya kwanon. A takardarsa Inna ta sa aka rubuta sunan layinmu, da cewa ana neman 'yar mai shi.

Mako shida aka yi ana kallo. Masu rubutu a jarida sun zo, masu ɗaukar hoto sun zo, kusan kowa sai ya tsaya gaban kwanon nan guda da ya juya wa jama'a baya. Wani mai gilashi ya yi ta bayani a kansa har ni da na buga ƙusar na daina ganewa. Kullum ina shiga gida tambayar Inna ɗaya ce, an zo? Ta daina tambayar wanda ya sayar da wanda ya yi fushi. Duk Asabar, ranar da aka fi cika, sai ta soya funkaso ta zuba a kula ta ce in tafi da shi, kada mai kwano ta zo a miƙa mata shi haka nan. Mai gadinmu har ƙiba ya yi. Ni kuwa na fara tsanar hanyar gida, don na gaji da ce mata a'a.

Aka rufe baje koli, ba wanda ya zo. Na sauko da kwanon, na naɗe shi a zanensa na kawo wa Inna. Ta karɓa ta ce Allah ya yi mini albarka, na yi ƙoƙari, ta tura shi ƙarƙashin gado. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Bayan mako biyu, ina kan tsani ina rataye aikin wani, aka ce wata mata tana nemana a waya. 'Yar Iya ce. Ashe 'yarta da ke jami'a ta zo kallo da ƙawayenta, ta ɗauki hoton kwanon don ya ba ta dariya, ba ta ko karanta takardar ba. Sai da ta je gida hutu tana nuna wa uwarta hotuna, uwar ta karɓe wayar ta shiga kicin da ita, ta kifa tukunyar da ta gada. Ɗigo uku ne da layi.

Ranar Lahadi da hantsi ta zo daga Ikorodu. Ta yi jiki, ta yi furfura a goshi, tafiyarta sak ta Iya. Ta zube gwiwa biyu gaban Inna irin gaisuwarsu, Inna ta jawo ta jikinta ta rungume, suka yi kuka mai isarsu. Inna ta yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Da za ta tafi Inna ta miƙa mata kwanon, funkaso har murfin ba ya rufuwa.

"'Yata, ga kayan uwarki. Na daɗe da shi, ki yafe mini."

Ranar Inna ta ci abinci har da ƙari. Ta ce mini yau ta sauke, ko yanzu aka kira ta ba ta da nauyin kowa. Na ce ta daina irin wannan maganar, na fita tsakar gida don kada ta ga idona.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya mai gadinmu ya ce wata mata ta bar mini saƙo a ƙofa. Ƙunshin tsohon zanen nan ne, da ɗumi a jikinsa. Na rungume shi a danfo har Agege, wannan karon ban yi tsaki ko sau ɗaya ba. Inna ta kwance ƙunshin, ta ɗaga murfi, ƙamshin alale da ganyensa ya cika ɗakin. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta share ido da gefen mayafi, ta ce in duba ko akwai sauran alkama a buhu.