Gwaggo A'a Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai da rabi za ka same ta a ɗan ofishinta da ke bayan ɗakin ajiye jini, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta. Shekara ashirin da biyu tana kula da manhajar da ke bin sawun kowace jakar jini a asibitin. Abokan aiki suka laƙaba mata Gwaggo A'a, sunan kuwa ya zauna daram.

Aikin nata ba shi da ƙyalli. A manhajar, jakar jini matakai take bi: an karɓa, an gwada, an daidaita da mara lafiya, an ƙara masa. Da can ƙa'idojin a warwatse suke cikin dubban layukan rubutun manhajar, kowa ya zo ya ɗora nasa. Ita ta zauna ta tsince su, ta mayar da su ƙananan mataimaka a cikin manhajar, kowanne da aiki ɗaya tak. A gaya masa matakin da jaka take da abin da ake son yi, ya ba da mataki na gaba ko ya ce a'a. Ba ya taɓa komai a gefe.

Shugaban sashe ya taɓa matsa mata. "Gwaggo, mai gadin nan da kika sa a manhaja yana cinye wa ma'aikatan jinya lokaci. A buɗe 'yar kafa mana."

"Ranka ya daɗe, in na buɗe don gaggawa, kuskure ma nan zai bi."

Wata guda bai amsa gaisuwarta ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ba ta buɗe ba.

Ranar da aka yi mata bankwana, wata ma'aikaciyar jinya ta durƙusa gabanta. "Gwaggo, ki yafe ni. Na taɓa zagin wanda ya rubuta abin nan, zagi na sosai. Mai jego ce ke zubar da jini, na zo shigar da jaka ya ƙi, wai ba a daidaita ba. Da na sake dubawa, ashe ta gadon kusa na ɗauko."

Gwaggo ta cire tabarau. "Tana raye?"

"Ta ƙara haihuwa biyu ma."

Ke ce wadda aka zaga, Gwaggo, kuma ke ce silar komawar matar nan gida. Ba ta san sunanki ba, mu mun sani. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, in an zo ana roƙon ku buɗe kafar nan, ku tuna da mai jegon.