Ɗigon Ruwa a Tukunyar Auta

Da ƙarfe shida na safiyar Talata Auta ta goge rigar aikinta. Da bakwai ta sha shayi a tsaye, mahaifiyarta na bin ta da ido.

"Mama, wannan kallo fa? Sai ka ce yaƙi za ni."

"Ke dai sha ki tafi, sarkin baki."

Shekara tara Auta ta yi a ɗakin gwaji, tana haɗa ƙarafa don gano wanda zai jure zafi da tsatsa a tashar wutar nukiliya. Takan yanka su ƙanana, ta tsoma a tukunyar narkakken gishiri mai zafin digiri ɗari bakwai, ta bar su awa dubu, sannan ta auna abin da gishirin ya cinye. Uwar ta koyar da lissafi shekara talatin, ta gane lambobin sarai, amma kullum gabanta na faɗuwa. Gubar nukiliya take tsoro, ko da yake Auta ta sha rantse mata babu ko ƙwayarta a wurinsu.

Da goma Auta ta bugo waya, a ba 'yarta maganin tari. Da ɗaya da kwata ta ɗauki ludayin ɗibar gishiri. A ƙa'idarsu, duk abin da zai shiga tukunyar sai ya kwana a tanda ya bushe. Wannan an wanke shi da safe, wani ya ajiye shi cikin busassu. Ruwan da ya maƙale a mariƙinsa bai fi ɗigo uku ba. Tana tsoma shi, tukunyar ta yi bindiga. Kwana biyu Auta ta yi a asibiti, ta cika.

Bayan mako guda shugaban wurin aikinsu ya kawo kayanta a kwali. 'Yar Auta, mai shekara shida, ta rugo za ta buɗe. Kakar ta fizgo ta da ƙarfin da ya sa yarinyar kuka.

"Malam, a auna su tukuna."

"Mama, wallahi babu komai a jikinsu."

"Ita ma haka take ce min."

Ya koma ya ɗauko na'urar auna gubar nukiliya, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa. Allurar ba ta motsa ba. Ta sa ya maimaita.

Littattafan da ke cikin kwalin ta mayar wa abokan aikin. Takalman ta ba yayar Auta. Akwai wani gyale shuɗi. Shi ta wanke sau uku, ta shanya kwana biyu, sannan ta yafa wa jikar.