Mastura da Kumfar Bakin Sukkar

Mastura ta zo umra daga Maraɗi da sauran ƙuruciyarta, ba ta koma ba. A unguwar Hindawiyya ta Jidda take kwana wurin innarta, da safe ta nufi unguwar Bagdadiyya aikatau gidan wata Balarabiya mai suna Areej. Shara da wanki da girki ba su taɓa gagararta ba. Abin da ke tayar mata da hankali shi ne ɗan farin karen uwar gidan, Sukkar. Tana yarinya mahaukacin kare ya ciji yayanta, a kan idonta ya riƙa gudun ruwa har ya cika. Tun daga nan ko haushi ta jiyo sai ta nemi wurin ɓuya. Amma da yake abinci ya haɗa su, ita ke zuba masa nasa, ita ke cire masa kaska tana kau da kai.

Cikin tsananin zafin Agusta Areej ta tafi Riyad biki, washegari na'urar sanyaya falo ta mutu. Da azahar Mastura ta tarar da Sukkar a kwance, harshe waje, yawu mai kauri na kumfa a bakinsa. Ya yunƙura ya tashi, ya yi tangaɗi ya faɗi. Sai ta tuna da safe ya lashi yatsarta, daidai inda wuƙa ta yanke ta.

Ta kulle kanta a kicin. Asibiti ba wurin zuwanta ba ne, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ta cika kofi da ruwa don ta gwada ko zai wuce mata, maƙogwaro ya ƙi buɗewa. Da ƙyar ta kira Hashim direban gidan, Bahaushen Sudan haifaffen Jidda.

"Yaya Hashim, tawa ta ƙare. Karen ya haukace, kuma ya lashe ni!"

"Halas, ya isa, daina kuka. Yana kai cizo?"

"A'a, numfashi kawai yake sama-sama."

"Yalla, maza jiƙa tawul ki goga masa a ciki da ƙafafu. Ga ni nan."

Ta daɗe riƙe da mariƙin ƙofa kafin ta fito. Ta durƙusa tana salati, tana goga masa ruwan, tana jiran haƙora. Bai ko ɗaga kai ba.

Hashim ya kwashe su zuwa wurin likitan dabbobi. Likita ya ce ba hauka ba ne, zafi ne ya buge shi, kuma an yi masa allurar rigakafi tun bara. Ya sa masa ƙarin ruwa, ya ce da sun ƙara jinkiri da gawarsa za su kawo. Mastura ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka.

Sukkar ya tashi, sai dai ƙodarsa ta taɓu, abinci na musamman yake ci yanzu. Har yau Mastura na gidan. Duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita, tana korarsa da Hausa, ba ya ji.