Yanar da aka cire wa Dabo

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa a Daura sai ya nemi hula, har waɗanda da can suke yawo da kai a buɗe. A shekarar ne Dabo ya baro Sandamu ya kafa rumfar ɗinkin hula a bakin kasuwa. Hannunsa na da kyau, amma mutum ne mai ƙyanƙyamin tsiya. Ba ya shan ruwa a moɗar masallaci, kuma idan mai ciniki ya gwada hula ya cire, sai ya shanya ta a rana kafin ya mayar cikin 'yan uwanta.

Ya yi shekara ashirin a kan allura, sannan idanu suka fara ba shi kunya. Suka bushe ƙayau kamar an watsa masa yashi, zare ɗaya ya koma uku. Tabarau bai yi ba, maganin ɗigawa bai yi ba. Har ta kai matarsa Ummukulsum ce ke zura masa zare, shi kuma ya yi ta soka allura inda ba nan ba. Ranar da wani ya dawo da ƙube ya ce zanen ya karkace, Dabo ya rufe rumfa ya yi wata huɗu a gida.

A wani asibitin ido a Kano likita ta ce masa baƙin idonsa ne ya yi tsini, ga kuma ƙarancin hawaye. Ta auna shi, aka yo masa wani gilashi na cikin ido, kowane ido da nasa, faɗinsa ya kusa murfin kwalba. Gefensa a kan farin ido yake zama, tsakiyarsa kuma kwarmi ne da ake cikawa da ruwan magani, sai idon ya wuni a jiƙe. Da wata 'yar roba ake sa shi, da ita ake cirewa. Likita ta ja masa kunne: hannu a wanke, kada ruwan randa ya taɓa shi, balle yawu. Dabo har ya ji haushi da ta ambaci yawu, kamar shi za a gaya wa.

Ya koma rumfa yana zura zare da kansa. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa, don ya san mutanensa, kowa sai ya ce zai buɗe idon da yatsa ya gani. Mahaifiyarsa, Inna Hadijatu, ta ɗauka addu'arta ce kaɗai, shi kuma ya bar ta a haka.

Da kaka ta yi ya je Sandamu gaishe ta, da niyyar juyowa kafin la'asar, don haka bai ɗauki robar ba. Ya tarar mata na sheƙar gero a ƙofar gida. Iska ta juya, ƙaiƙayi ya shige masa idon hagu. Ya durƙusa yana riƙe da fuska, idon ya yi jawur.

"A kira Shatu," in ji Inna.

Gwaggo Shatu ita ce mai cire abu a ido a unguwar, kuma da harshe take yi. Tun Dabo na yaro yake sauya hanya idan ya ga tana aiki. Ta iso tana taunar goro, leɓenta ja, ta tofar a gefe ta goge baki da bakin zane. Wankin bakin ke nan.

"Gwaggo, ki bari, don Allah," in ji Dabo. "Akwai abin likita a ciki. A kai ni Daura kawai."

"Kowa haka yake cewa, ɗan nan. Sabiru, riƙe min ƙaninka."

Yaya Sabiru manomi ne, hannunsa ba na wasa ba. Ya danne masa kafaɗu, wani maƙwabci ya kama kai. Dabo ya ji warin goro da na daddawa sun rufe masa fuska, sai kuma harshe, mai ɗumi, mai kaushi, yana yawo a ƙarƙashin fatar idonsa. Yawu ya gangaro masa ta kumatu har cikin kunne.

Ƙaiƙayin ya fita tun a lasa ta biyu. Da ta tsaya nan da an rabu lafiya. Amma harshenta ya ci karo da gefen gilashin, ta ɗago kai a hankali.

"Hadijatu, yana ce a idon ɗanki. Ta yi tauri har ta yi baki kamar murfi."

Dabo ya yi ta faɗa cewa sa masa aka yi, a Kano, da gangan. Ba wanda ya saurara, don duk wanda aka danne dama surutu yake yi. Gilashin ya kama ido gam, harshe ya kasa, sai ta sa farce. Ta ɓamɓaro shi, ta ɗaga a rana kowa ya gani, mata suka hau salati. Ta gwada shi da haƙori ya tsage, sannan ta ƙulle shi a bakin zane don ta riƙa nuna wa masu gardama.

Da aka sake shi, Dabo ya zagaya bayan rumbu ya yi amai har ba abin da ya rage. Ya wanke fuska da sabulu sau bakwai, bai daina jin warin goro ba.

Kwana uku idon ya kumbura ya cika da kwantsa. Da ya koma Kano, likita ta duba ta ce farcen ya yanki baƙin idon, ƙazanta kuma ta shiga. Aka yi wata biyu ana magani. Ciwon ya mutu, amma ya bar farin tabo a tsakiya, inda ba gilashin da zai gyara.

Yanzu da ido ɗaya yake ɗinki, yana karkata kai. Hular da da yake gamawa a mako, sai ta ci masa kwana ashirin. Abin da ya fi tayar masa da zuciya shi ne mutanen Sandamu da ke tsayawa a rumfa suna yi masa barka. Tabon, a wurinsu, saiwar cutar ce da ta rage. Shatu kuwa har daga Kongolam ake kawo mata mutane. Ya yi bayani har ya gaji, sai a yi murmushi a ce ɗan birni ba ya son a ce tsohuwa ta fi likita.

Wata Laraba Inna ta zo da kanta a kan babur, ta zauna a bencin rumfa tana haki. Ta daɗe tana leƙen idonsa na dama, ta ga gefen gilashin yana ƙyalli.

"Auta, ga irinta nan a ɗayan. Shatu ta ce kada a bari ta yi saiwa kamar waccan. Na gaya mata za mu zo jibi."

Dabo ya soke allura a jikin hular ya ajiye. Ya juyo da kai sosai don ta shigo ɓangaren da yake gani.

"Inna, da ita nake ganin fuskarki. In aka cire, sai dai ki riƙa faɗa min ke ce."