Kujerar Fumie

Shekara talatin da shida Kuwabara Tetsuji ya yi yana ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibiti a tsibirin Shikoku. Karayar kan ƙashin ƙwauri, inda gwiwa ke zama, aji shida ake kasa ta, shi kuwa kallo ɗaya yake yi ya faɗi ajinta.

Ranar da matarsa Fumie ta faɗo daga tsani a gonar lemu, hoto ɗaya ya ɗauka, ta gaba, bai ga komai ba. Ya ce bari ya ƙara na gefe.

"Haba Baban yara, ga mutane na jira, sai a ce ka fifita matarka? Buguwa ce kawai," in ji ta. Kunyar idon jama'a ta sa ya ƙyale ta.

Washegari aka yi addu'ar tunawa da mahaifiyarta. Fumie ta cije ta hau matakalar gidan ibada, ta durƙusa kan dugaduganta kamar kowa. Da aka gama kowa ya miƙe, ban da ita. Sabon hoto ya nuna ƙashin ya lotsa, aji na uku.

Gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Shekara goma sha ɗaya, duk taron addu'a tana can baya a kan kujera, kanta sunkuye.

Bara ta rasu. Ranar addu'arta dangi suka durƙusa. Tetsuji, da gwiwoyinsa lafiya lau, ya wuce baya ya zauna a kujerar. Aka yi ta raɗe-raɗi. Ko kallonsu bai yi ba.