Rumbun da Ba a Leƙawa

A shekara ta biyu da aka yi fari ciwon ya kama maigidana. Ni ƴar Birnin Damagaram ce, ƴar masu awon hatsi, aure ya kai ni Gaffati. Tun ina ƙarama aka koya mini in duba gindin tiya kafin a auna mini, kuma da wannan idon na tashi ina kallon kowa.

Ranar Juma'a da hantsi yake hawa rumbu ya fiddo mana damin mako. A can mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Abin da ya miƙo miki shi za ki sussuka, ba tambaya. Wata Juma'a ya sa ƙafa a tsani, sai ya dawo ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe ƙirji. Gumi ya jiƙa masa riga, hannuwansa na rawa, yana haki kamar wanda aka koro. Ya ce, "Mutuwa zan yi. Kira mini Inna." Kafin surukata ta gama salati abin ya sake shi, ya tashi ya hau ya sauko da dami. Juma'a ta zagayo, abin ya dawo.

Surukata ta ce iska ce ta tare a rumbun. Ta aika Tirmini aka zo da wani mai magani, ya turnuƙe mu da hayaƙi, ya ce sai an yanka baƙar akuya. Na lura ya fi kallon akuyar a kan marar lafiyar, na kuwa faɗa a gabansa, surukata ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Limaminmu ya yi rubutu, maigida ya sha, ya ɗan samu barci, amma Juma'a ba ta fasa zuwa ba. Na zargi maƙwabcinmu da suka taɓa rikicin iyakar gona. Na zargi shi kansa maigidan, ina cewa a raina ko sayar da hatsin yake a ɓoye tunda ya yi tsada, yana wannan faɗuwa don kada a tambaye shi. Har yau ina jin kunyar wannan.

Da na gaji na matsa masa muka shiga Zinder, birninmu, gidan likita. Anfirmiyen, wato ma'aikacin jinyar, wani dattijo ne mai furfura. Ya ɗaura masa abin awon jini, ya saurari ƙirjinsa, ya ce, "Malam, zuciyarka lafiya lau. Firgici ne. Tsoro ne ke taso wa jiki gaba ɗaya, ka ji kamar rai zai fita, amma ba ya kisa." Ya ba shi ƴan ƙwayoyi, ya ce sai in abin ya yi tsanani, kada jiki ya saba. Ya koya masa ya ja numfashi ta hanci sannu, ya sake shi sannu fiye da yadda ya ja. Sannan ya ce, "Yaushe yake taso maka?"

Maigida ya ce, "Ba shi da lokaci."

"To. Amma abin da ke cin ka, ka samu wanda za ka faɗa wa. Wannan ya fi ƙwayar aiki."

Na fito ina tsaki. Mun yi wannan doguwar tafiya, ko allura bai yi masa ba, sai surutu da shaƙar iska! Na ce lalle ya ajiye maganin kirki ne don manyan gari. Amma muna hanya tambayarsa ta ƙi barina. Ba shi da lokaci? Ni da nake ɗauke da kwano a gindin tsani kowace Juma'a?

Ranar Alhamis da azahar ya tafi masallaci. Na jingina tsani, na hau, na ɗaga murfin, ina shirye in kama shi da laifi. Rumbun ya ƙare, sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. A gefe guda dami uku ne kacal, masu manyan zangarniya, ɗaure da jan ƙyalle. Na san ƙyallen, daga tsohon zanena na yage masa ranar da ya ware iri. Ashe makonnin nan duk irin shuka muke tuƙawa muna ci, ni da yara, shi kaɗai ya sani.

Da na juyo yana tsaye a gindin tsani, ya riƙe mini shi. Bai yi faɗa ba.

Ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani."

Ina taka ƙasa sai na zauna daɓas. Ƙirjina ya shiga bugawa, numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro. Ya tsuguna ya kama hannuna, nasa ko rawa ba ya yi, ya ce, "Ja ta hanci. Sannu. Ba ya kisa."